Yadda ake haɗa babban samfurin jirgin Lancaster mai tashi da rimot

A lokacin zafi a Ingila, masu sha'awar haɗa jirage kan taru a tsoffin filayen jiragen yaƙi irin su Elvington da ke Yorkshire, kowa ya sauko da nasa daga bayan mota, a ɗaura fukafukai, a jona batir. In jirgi mai farfela huɗu ya ɗaga ya bi gefen fili a hankali, daga nesa sai ka rantse na gaske ne, alhali faɗinsa mita uku ne ko huɗu, matuƙinsa kuma ga shi can tsaye a ciyawa da rimot a hannu. Cikin irin waɗannan jirage, wanda ya fi jan hankalin magina shi ne Avro Lancaster, jirgin jefa bama-bamai na sojan saman Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. Roy Chadwick ne ya zana shi, ya fara tashi ranar 9 ga Janairun 1941, aka ƙera guda 7,377. Yau biyu kacal suka rage masu iya tashi: ɗaya a sansanin Coningsby a Lincolnshire, ɗaya a gidan tarihin jiragen yaƙi na Hamilton a Kanada.

Abin da zan yi ta nanatawa daga nan har ƙarshe shi ne nauyi. Yawancin manyan samfuran da ke ragargajewa a tashin farko, tun a kan teburin gini aka kashe su, da gam mai yawa da fenti mai kauri da katakon da bai kamata ba.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya

In ba ka taɓa tuƙa jirgin rimot ba, ajiye maganar Lancaster tukuna. Nemi ƙaramin jirgin koyo mai fiffike a sama da moto ɗaya, ka tashe shi ka sauke har hannunka ya faɗa. Daga nan ka koma mai fiffike a ƙasa wanda ƙaramar tayarsa ke wutsiya, domin haka Lancaster yake, kuma irin wannan jirgi yana da halin karkacewa a kan titi kafin ya ɗaga. Sannan ka gwada mai moto biyu. Wanda ya tsallake waɗannan matakai zai zuba aikin shekara guda a ƙasa cikin daƙiƙa goma.

Sai doka. A Birtaniya samfurin da ya haura kilo 25 sai an duba gininsa tun yana kan tebur ƙarƙashin tsarin ƙungiyar LMA ta masu manyan samfura, sannan hukumar jiragen sama ta ba da izini. A Amurka ƙungiyar AMA ta masu samfuran jirage tana da nata tsarin duba duk wanda ya wuce fam 55, wanda shi ma kusan kilo 25 ne. A Najeriya kuwa, tun 2016 tashin duk wani jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Abu mai siffar jirgin yaƙi, mai faɗin mita uku, ba abin da za ka fito da shi bayan gari ba tare da takarda ba ne. Ka fara neman izinin kafin ka fara yanka katako.

Zaɓen girma da lissafinsa

Lancaster na gaske faɗin fukafukansa mita 31.1 ne, tsawonsa mita 21 da ɗan ɗoriya. Na fi son a rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma, saboda lissafin yana da sauƙi: duk abin da ka auna a zanen asali ka raba shi goma. Sai ka samu faɗi mita 3.1, tsawo mita 2.1. Farfelar asali tana da faɗin ƙafa 13, a naka za ta zo kusan inci 16, kuma akwai masu baki uku na wannan girman a kasuwa. Manyan tayoyin za su kai kimanin santimita 16.

To ga inda lissafin ya fi daɗi. Tsawo yana raguwa sau goma, amma shimfiɗar fiffike tana raguwa sau ɗari, nauyi kuma sau dubu. Fiffiken asali murabba'in mita 120 ne, naka zai zama murabba'in mita 1.2. Jirgin asali in an cika shi da mai da bam yana kai wajen tan 30, wato in ka bi lissafi kai tsaye naka zai yi kilo 30. Kada ka kuskura ka kusanci wannan adadi. Ƙaramin fiffike ba ya riƙe iska yadda babba ke riƙewa, kuma jirgi mai nauyi dole ya yi gudu kafin ya zauna a sama. Sa wa kanka iyaka: kilo 13 zuwa 15 da batir da komai. Rubuta adadin a bango inda za ka riƙa ganinsa.

Akwai kuma maganar kyan gani. Lancaster yakan yi tafiyar kusan kilomita 320 a awa. Don naka ya yi kama da shi a ido, kamata ya yi ya riƙa tafiyar kilomita 32 a awa, abin da ba zai yiwu ba. Amma duk giram ɗin da ka rage yana matso da kai kusa da wannan tafiya ta ƙasaita. Samfuri mai nauyi kuwa sai ya riƙa ƙetare fili kamar an koro shi.

Kada ka zana filan da kanka a karon farko. Sayi wanda aka riga aka gwada. Tony Nijhuis, wani mai zana samfura a Ingila, yana da filan na Lancaster mai faɗin inci 72 (kusan mita 1.8) da mai inci 134 (kusan mita 3.4), ana kuma sayar da katakon da aka yanke daidai da filan ɗin. Wanda yake ganin moto huɗu sun yi masa yawa yana iya duba Bristol Blenheim mai inji biyu, wanda ma yake da alaƙa da mu: daga 1940 irinsa ne ke jagorantar ayarin ƙananan jiragen yaƙi na Hurricane daga Takoradi a Gana, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartoum har Masar.

Sannan ka zaɓi takamaiman jirgi guda da za ka kwaikwaya, tun yanzu, don tun ran gini ran zane. Jiragen runduna ta 617 da suka kai hari kan madatsun ruwan Jamus a daren 16 zuwa 17 ga Mayun 1943 an cire musu ƙofofin ɗakin bam da kejin bindigar saman baya, don su ɗauki bam mai tsalle a kan ruwa wanda injiniya Barnes Wallis ya ƙirƙira. In na Guy Gibson, jagoran harin, kake so, mai haruffa AJ-G, cikinsa daban yake da na sauran. Jirage 19 suka tafi a daren, 8 ba su dawo ba, mutum 53 daga cikin ma'aikatansu suka mutu, ambaliyar kuma ta ci mutum sama da 1,000 a ƙasa, da yawansu fursunoni ne da ake sa su aikin dole. Gara mai gini ya san tarihin abin da yake sassaƙawa.

Kayan aiki

Balsa, wani katako marar nauyi, shi ne jigo, mafi yawansa daga Ekwado ake fitowa da shi. Ba duk balsa ne ɗaya ba: falle biyu masu girma ɗaya, wani zai ninka wani nauyi. Je da ƙaramin sikeli na kicin ka auna kowane falle, ka ware marasa nauyi domin wutsiya, masu tauri domin tsakiyar fiffike. Kana buƙatar filawud mai kaurin milimita 3 don zobban jiki, mai milimita 6 don inda moto da ƙafafu za su zauna, da bututun alminiyam ko na kabon da zai haɗa fukafukai. Gam iri uku: farin gam na kafinta don yawancin aiki, sufa gulu don riƙe abu nan take, da efoksi mai bushewa a minti 30 don wuraren ɗaukar nauyi kaɗai. Efoksi yana da nauyi, kuma sabon magini yana son shafa shi ko'ina kamar man shanu a tuwo.

Teburin gini ya zama miƙaƙƙe ɗoɗar. Ɗora lebur ka duba ta kowace fuska. Tsohuwar ƙofa marar lanƙwasa tana yi. Fiffiken da aka gina a kan karkataccen tebur karkatacce zai fito, kuma babu gyaran rimot da zai warkar da shi.

Fara da wutsiya

Magina da yawa suna farawa da wutsiya don ita ce ƙarama, kuma a nan ake koyon ladabi. Lancaster yana da faranti biyu a tsaye a ƙarshen wutsiyarsa, kowanne da leɓen juyawa dama da hagu. Nisan wutsiya daga wurin daidaiton nauyi ya kai ninki biyu na nisan hanci, don haka duk giram 100 da ka ƙara a baya sai ka biya shi da dalma giram 200 ko fiye a gaba. Kuskuren giram 100 ya zama giram 300 ke nan. Gina ta da haƙarƙarin balsa siriri, ka rufe da falle mai milimita 1.5. Sa ƙaramin sarbo, wato 'yar na'urar da ke motsa leɓe in rimot ya umarce ta, mai haƙoran ƙarfe, a kowane gefe don leɓen juyawa, ya fi jan doguwar waya mai lanƙwasa. Da ka gama, auna ta ka rubuta.

Fiffike

Tsakiyar fiffiken Lancaster a miƙe take daga jiki zuwa gidajen injin ciki, daga nan ɓangarorin waje suke ɗagawa sama kaɗan. Wannan ya ba ka wurin rabawa: tsakiya ta zauna guda, na waje biyu su riƙa zarewa a kan bututu. Mita 3.1 ba ta shiga kowace mota a haɗe.

Shimfiɗa filan, ka rufe shi da leda don kada gam ya kama takarda. Kafa azarar ƙasa, wato dogon katakon da ke bin tsawon fiffike, ka jera haƙarƙari a kanta kowanne a layinsa, sannan azarar sama. Tsakanin azara biyun ka liƙa ƙananan fallayen balsa a tsaye, jijiyar katakon tana kallon sama. Waɗannan 'yan fallaye su ne ƙarfin fiffike, su ke hana azarar sama da ta ƙasa zamewa in jirgi ya ɗauki nauyi a kwana.

Kafin ka rufe fiffike, abubuwa biyu. Na farko, murɗa bakinsa na waje kaɗan, gefen baya ya ɗaga kamar digiri 2 fiye da na gindi. Amfaninsa shi ne in gudu ya ragu har iska ta fara sakin fiffike, gindin ne zai fara saki, bakin yana nan riƙe, jirgin ya sunkuyar da hanci a maimakon ya kife gefe guda. Sa tsinken katako mai kauri daidai a ƙarƙashin gefen bayan fukafukan biyu, ka tabbata murɗin iri ɗaya ne dama da hagu. Na biyu, zura bututun takarda ta cikin haƙarƙarin don wayoyi. Na taɓa mantawa da wannan, na ƙare da fasa fiffiken da na shafe mako uku ina gogewa.

Gidajen inji huɗu su fuskanci gaba daidai wa daida. Yi ma'auni guda na filawud ka yi amfani da shi a duk huɗun. Na ciki biyun su ne ke ɗauke da manyan ƙafafu, waɗanda ke naɗewa baya su shige ciki, don haka a nan ne efoksi da filawud mai kauri suka halatta. Ƙafafu masu naɗewa da lantarki sun fi masu aiki da iska sauƙin kulawa. Tayar wutsiya ba ta naɗewa ko a jirgin asali, ka huta.

Gangar jiki

Yanke zobban jiki daga filawud, ka huda manyan ramuka a tsakiyarsu don rage nauyi. Jera su a kan miƙaƙƙen katako, ka haɗa su da siraran sanduna kamar tankar danga, sannan ka rufe da balsa mai milimita 2.5, siriri-siriri a inda jikin ya lanƙwasa. Jiƙa bayan falle da ruwa, zai lanƙwashe da kansa. Rufe dama da hagu bi da bi, in ka gama gefe ɗaya gaba ɗaya kafin ɗayan gam zai ja jikin ya zama kamar ayaba.

Ɗakin bam na Lancaster tsawonsa mita 10 ne, wato mita guda a naka. Wannan kyauta ce ga magini: batir da risiba mai karɓar saƙon rimot da wayoyi duk su shiga nan, ƙofofinsa su zama murfi. Gilashin matuƙa da kejin bindigogi uku, na hanci da na saman baya da na wutsiya mai bindiga huɗu, ana yin su da roba mai haske da aka gasa aka matse a kan sassaƙen katako. Masu sayar da filan kan sayar da su a shirye, kuma ni dai ina ganin sayen ya fi, don aikin yana cin rai.

Wuta

Akwai masu sa injin fetur huɗu saboda ƙara. Ƙarar tana da daɗi, amma ranar da injin waje guda ya mutu a sama, sauran za su juya jirgin ya kife kafin ka gane wanne ne ya tsaya. Moton lantarki ba ya mutuwa haka siddan, kuma huɗun suna tashi tare.

Ƙa'idar 'yan harkar ga irin wannan jirgi ita ce wat 150 zuwa 200 ga kowane kilo. Kilo 14 zai so kusan wat 2,400, wato 600 a kowane moto. Da batirin litiyam irin wanda ake kira LiPo, mai ɗaki shida, wanda ke ba da bolt 22.2, kowane moto zai ja kusan amfiya 27. Sa masa na'urar daidaita gudu, wadda ake kira ESC, mai ɗaukar amfiya 60 don ta samu sarari, ka kuma buɗe mata hanyar iska. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan ya fi muhimmanci, ga shi kuma iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi yana buƙatar ƙarin titi kafin ya ɗaga.

Wani tarko: doguwar waya tsakanin batir da ESC tana ƙona ESC. Ko dai ka ajiye ESC kusa da batir ka tsawaita wayoyi ukun da ke zuwa moto, ko ka ƙara kafasito, wato 'yar na'urar da ke shanye fizgar wuta, a bakin kowace ESC. Kada kuma ka raba batir gefe-gefe, na dama daban na hagu daban, don in ɗaya ya riga ƙarewa ka koma matsalar injin fetur. Haɗa motocin ciki biyu a batir ɗaya, na waje biyu a ɗayan. Risiba da sarbo su samu nasu batirin daban, biyu ma in da hali.

LiPo yana cika a bolt 4.2 kowane ɗaki, ana ajiye shi a 3.8. Kada ka bar shi yana caji ka fita, kada ka bar shi cikin mota a rana. Wanda ya kumbura ya gama aiki.

Rufi da fenti

Goge jikin da samfefa har ya yi sumul, ka shimfiɗa ƙyallen gilashi siriri, mai giram 25 a murabba'in mita, ka shafa efoksin rufi, sannan ka kankare rarar da tsohon katin roba har sai ƙyallen ya yi kamar bushasshe. Duk inda yake sheƙi, nauyi ne. Launin jiragen dare na Birtaniya: kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, baƙi a ciki da gefuna, haruffa ja marar haske. Fesa siriri. Layukan faranti ana yin su da siririn salatif kafin fentin share fage, a ɓare bayan ya bushe. Baƙin hayaƙin da ke bin saman fiffike bayan injuna shi ke sa jirgin ya yi kama da wanda ya sha aiki, kuma nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai ka sani baƙin ciki yana ɓacewa a ido in jirgi ya bi ta gaban itatuwa, don haka kada ka tura shi nesa.

Daidaita nauyi

Filan zai nuna wurin daidaito, yawanci tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gefen gaba. Haɗa komai, da batir a ciki, ka ɗora jirgin a kan sanduna biyu a wannan wuri. Hancin ya ɗan sunkuya. In wutsiya ta rinjaya, matsar da batir gaba kafin ka nemi dalma. 'Yan harkar suna cewa mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar, mai nauyin wutsiya kuwa sau ɗaya yake tashi. Duba dama da hagu ma, ta hanyar ɗaga shi daga hanci da wutsiya.

Ranar tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanaki kafin nan ka riƙe jirgin a ƙasa ka ba shi cikakken totur, ka auna amfiya, ka taɓa kowace ESC ka ji zafinta. Saita rimot yadda in sadarwa ta yanke motoci za su tsaya. Yi gwajin nisa da motocin suna juyawa. Tsaya a bayan jirgi ka motsa kowace sanda: in ka tura dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga sama. Sa wani ya sake dubawa, don ido ɗaya yana sabawa da kuskurensa.

Zaɓi safiya mai sanyi, iska kaɗan tana fuskantar hanci, fili babu mutane babu dabbobi. Fara da zagaye a ƙasa sau da yawa. Wajen tashi, ƙara totur sannu a hankali, riƙe wutsiya a ƙasa da farko, ka shirya taka leɓen juyawa dama, domin zai so ya karkata hagu, halin da jirgin asali ma yake da shi. Bari wutsiya ta ɗaga da kanta, ya ci titi sosai, kada ka fizge shi sama. Hau a kwance, kwana mai faɗi, leɓen juyawa da na fiffike tare. A tashin farko bar ƙafafu a waje.

In ya yi nisa sama, rage totur kaɗan-kaɗan ka ga gudun da yake fara sakin iska da gefen da yake faɗawa, sannan ka gwada filaf, wato leɓen bayan fiffike da ake saukewa don rage gudu, a can, ba kusa da ƙasa ba. Minti huɗu sun isa. Wajen sauka kada ka kashe totur gaba ɗaya, farfela huɗu marasa wuta birki ne mai ƙarfi. Zo da ɗan totur, manyan tayoyi su fara taɓawa, ka janye wutar, wutsiya ta sauka da kanta. Cire batir, auna abin da ya rage a kowane ɗaki, ka buɗe gidajen inji ka bi kowane noti da kowace mahaɗa da hannu kafin ka yi tunanin tashi na biyu.